Masarar Rani: Yadda Ake Tsara Ban Ruwa da Zuba Yuriya Mataki-Mataki

Tun da aka fara shirin noman rani ake ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: mutum ya zuba taki buhu kaza, ya ƙona mai yana ban ruwa, amma da aka zo karya masara sai ga goyo ƙanana, wasu ma rabinsu totuwa ce tsirara. Ina matsalar take? A mafi yawan gonakin da ake wannan kuka, yawan takin da aka saya ya isa. Abin da ya ɓaci shi ne lokacin da aka zuba shi da kuma yadda ruwa ya biyo bayansa. Masara ba ta cin taki a bushe, sai ya narke a cikin danshi saiwa take ɗaukarsa, kuma ruwan nan da ke narkar da shi shi ne ke tafiya da shi idan ya yi yawa. Don haka ba a lissafin taki daban, na ruwa daban. Ga yadda ake jera aikin.

1. Auna gonarka da ruwanka kafin ka je kasuwa

Fara da sanin girman filin. Hekta ɗaya ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, wato kusan eka biyu da rabi. Duk lissafin da ke ƙasa na hekta ne. Idan eka ɗaya gare ka, ɗauki kashi 2 cikin 5 na kowane adadi.

Sai ruwa. Masara tana shan abin da ya kai milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon irin da aka shuka da zafin lokacin. Milimita ɗaya a hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ban ruwa ɗaya mai kyau, na milimita 50, ya kama lita 500,000 ke nan. Injin ban ruwa mai inci 3, abin da aka saba rubutawa a jikinsa shi ne kusan lita 1,000 a minti ɗaya, amma a gona ba ya kaiwa haka, musamman in tiyo ya yi tsawo ko ruwan ya yi zurfi. Ko da ya kai, hekta ɗaya za ta ci masa sama da awa 8. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka ce za ka noma hekta uku da inji ɗaya.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wata biyu bayan shuka, ruwan nan yana nan? Wanda ke Kadawa ko Bakolori ko Dadin Kowa, ko Jiratawa a Maraɗi, ya tambayi masu kula da ruwa yadda rabon zai kasance da ranakun da ake rufe hanyar ruwa don gyara. Wanda ke fadama da rijiya ko kududdufi ya tuna yadda ruwan ya ja baya bara a watan Maris da Afrilu.

*Gargaɗi:* Idan ruwanka zai ɗauki rabin hekta ne kawai a lokacin zafi, shuka rabin hekta. Na fi so in ga manomi da ƙaramar gona da ta ƙoshi a kan babba da ke ƙishi.

2. Iri da lokacin shuka

Ga mai biyan kuɗin mai, iri mai saurin nuna ya fi sauƙi, domin kowane sati da ka rage ban ruwa ɗaya ko biyu ka rage. Akwai masu nuna a kwana 80 zuwa 85, akwai na kwana 90 zuwa 95, akwai masu kaiwa kwana 110 zuwa 120. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, tana da jerin irin da ake kira SAMMAZ, cikinsu akwai masu jure fari da wuta-wuta. Irin haibirid na kamfanoni ya fi ba da amfani, amma shi ne kuma ya fi buƙatar cikakken taki da ruwa. Hekta ɗaya tana cin kusan kilo 20 na iri.

Lokacin shuka kuwa, akwai abu biyu da kake gudu. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana jinkirta tsiro, masara ta zauna ba ta motsi, ganyenta ya ɗashe. Zafin bazara kuma, idan ya haura digiri 35, yana kashe bununi kafin ya yi aikinsa. Masara tana fitar da bununi tsakanin kwana 50 da 65 bayan shuka, don haka ƙirga gaba ka ga a wane wata ranar za ta faɗo. Wanda ya shuka a Fabrairu, furensa a Afrilu zai fito, tsakiyar zafi. Ana yi kuma ana samu, musamman masu sayar da ɗanya kafin ta damina ta shigo kasuwa, amma sai da ruwa wadatacce.

3. Gyaran ƙasa

Yi haro, ka baje takin gida ko kashin kaji da ya riga ya ruɓe, sannan ka yi huɗa. Tsakanin kunya da kunya santimita 75.

Abin da ake yawan rainawa a nan shi ne daidaita filin. In akwai tudu da kwari, ruwa zai kwanta a wani wuri ya bar wani a bushe, kuma takinka haka zai rabu. A ƙasa mai yashi kada kwarin kunya ya yi tsawo sosai, domin kafin ruwa ya isa ƙarshe na farkon ya riga ya sha fiye da ƙima. Yanka filin gida-gida da ƙananan hanyoyin ruwa. Mai amfani da fangali ya tabbata yana da inda zai fasa ya sallami ruwa idan ya yi yawa.

4. Ruwan farko da shuka

Ba filin ruwa sosai kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, ka bari ya tsane har ƙasa ta daina manne wa ƙafa. Shuka a gefen kunya, daidai inda danshi ya tsaya, zurfin santimita 3 zuwa 5. Tazara santimita 25 da ƙwaya ɗaya a rami, ko santimita 50 da ƙwaya biyu. Kowanne ka bi, za ka samu tsiro kusan 53,000 a hekta. Bayan kwana 3 ko 4 ka ƙara ruwa kaɗan don tsiro ya fito tare. Inda bai fito ba a cike gurbin cikin satin farko. Inda ya yi yawa a rage kafin sati biyu.

*Gargaɗi:* Takin da za a lissafa a ƙasa na tsiro 53,000 ne. Idan gonarka ta yi giɓi, rabin tsiron babu, ciyawa ce za ta ci ragowar.

5. Lissafin taki da sayensa

Abin da masara ta fi buƙata shi ne sinadarin naitrojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi kauri. Kowane tan ɗaya na ƙwaya yana cin kusan kilo 20 zuwa 25 nasa. Shawarar da aka saba bayarwa a yankinmu ga mai neman cikakken amfani ita ce kilo 120 na naitrojin, kilo 60 na fosfaras, kilo 60 na fotash a hekta.

Buhun taki kilo 50 ne, amma ba dukkansa ne abincin ba. Yuriya kashi 46 cikin 100 ce, wato buhu ɗaya yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin. Kamfa, wato takin NPK da ya haɗa sinadaran uku, mai lamba 15-15-15 tana da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun. Kamfa 20-10-10 tana da kilo 10 na naitrojin, da kilo 5 na kowanne daga sauran biyun. Saboda haka buhu 8 na 15-15-15 suna ba ka 60-60-60, sai ka cike sauran kilo 60 na naitrojin da yuriya buhu biyu da rabi zuwa uku.

Wannan lissafi ne na mai cikakken hali. Mai buhu 4 na kamfa 15-15-15 da 2 na yuriya yana da kilo 76 na naitrojin. Zai iya bazawa a hekta ya samu matsakaicin amfani, ko ya tattara a rabin hekta. A damina zan iya cewa ya baza, tunda ruwan sama kyauta ne. A rani kuwa ra'ayina ya tattara, domin kowace kunya da ya ƙara mai za ta ci, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a 2023 kuɗin ban ruwa ya zama ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen gonar rani.

Farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka ga hanyar da ba ta tsufa. Raba kuɗin buhun yuriya gida 23, ka raba na kamfa 20-10-10 gida 10, za ka ga nawa kake sayen kilo ɗaya na naitrojin a kowanne. Kusan kullum yuriya ce mafi arha, shi ya sa ba a yin zubi na biyu da kamfa. Sannan ka rubuta sauran: iri, haro da huɗa, maganin ciyawa da na tsutsa, leburori, da man ban ruwa sau 15 zuwa 20. Raba jimillar da kuɗin buhun masara a kasuwarku. Adadin da ya fito shi ne buhunan da sai ka wuce su za ka fara cin riba.

*Gargaɗi:* Gwada yuriya kafin ka biya. Zuba cokali biyu a kofin ruwa ka motsa. Ta gaskiya tana narkewa duka, kuma kofin zai yi sanyi a hannunka. In ka ga yashi ko wani gari ya kwanta a ƙasa, an yi mata haɗi. Ana yin yuriya a cikin Najeriya, a masana'antun Dangote da Indorama, don haka nemi buhun da ɗinkinsa na kamfani ne daga dila da aka sani.

6. Zubin farko: kamfa

Ana zuba kamfa duka a lokacin shuka ko cikin kwana 10 zuwa 14 bayan shuka. Kada ka wuce haka. Fosfaras na saiwa ne, kuma saiwa da wuri take kafuwa.

Ba da ruwa tukuna, ka bari ya tsane. Washegari ka bi da tsinke ko sanda kana huda rami nesa da tsiro kamar faɗin yatsu huɗu, zurfin santimita 5, ka zuba ka rufe. A lissafin buhu 8, kowane tsiro yana samun giram 7.5. Hanya mafi sauƙi ta kama ma'auni ita ce ta kunya: kunya mai tsawon mita 100 tana da tsiro 400, tana cin kilo 3 na kamfa. Auna kilo 3 a kwano, ka ba mai zubi, ka ga ko ya kai shi ƙarshen kunyar. In ya ƙare a tsakiya hannunsa ya yi nauyi, in ya yi saura da yawa ya yi sauƙi. Da kunya biyu ko uku zai gane murfin kwalbar da ya dace da shi.

*Gargaɗi:* Taki ya taɓa iri ko jikin tsiro, zai ƙone shi.

7. Ruwa daga sati na biyu zuwa na biyar

A wannan tsakanin masara ba ta shan ruwa da yawa, kuma nan ne mutane suka fi yi mata ɓarna da shi. Ƙaramar masara ba ta jure kwanciyar ruwa. Kwana biyu a cikin ruwa sun isa su sa ta yi rawaya ta tsaya, domin saiwa ba ta samun iska, kuma naitrojin ɗin da ke ƙasar da ruwa ya kwanta yana lalacewa ya bi iska. Manomi ya ga rawaya sai ya ce yunwa ce, ya ƙaro taki, alhali magudana gonar take nema.

A jigawa ana ba da ruwa duk kwana 3 zuwa 4, kaɗan-kaɗan. A ƙasa mai laka-laka duk kwana 5 zuwa 7, a lokacin sanyi ma ana iya ƙara tazara. Amma kada kalanda ta yanke maka hukunci. Tona ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20 kusa da saiwa, ka damƙa a hannu. Ta dunƙule ta zauna, akwai danshi, jira. Ta wargaje, ba da ruwa. Ta fitar da ruwa tsakanin yatsu, ka wuce gona da iri.

Yi noman farko a sati na biyu zuwa na uku. Ka riƙa leƙa cikin kunnen masara, wato tsakiyarta inda sabon ganye ke fitowa, saboda tsutsar nan da ta shigo mana a 2016, wadda ke cin ganye daga tsakiya tana barin kashi kamar garin katako. Ganyen da tsutsa ta cinye ba zai amfana da yuriya ba.

8. Zubi na biyu: yuriya

Nan ne kuɗi suka fi zubewa, don haka a bi a hankali.

Lokacinsa shi ne sa'ad da masara ta kai gwiwa, tana da ganye 8 zuwa 10. Ga iri mai saurin nuna, sati 4 zuwa 5 ke nan. Ga mai jinkiri, sati 5 zuwa 6. Daga nan har zuwa fitar bununi masara take ɗaukar mafi yawan naitrojin ɗinta, kuma a cikin waɗannan makonni ne ake yanke girman goyon tun yana ɓoye a cikin kara: layi nawa zai yi, ƙwaya nawa kowane layi zai iya ɗauka. Wanda ya jira sai ya ga gemu sannan ya kawo yuriya ya makara, ganye zai yi kore amma goyon ba zai ƙara layi ba.

Ga jerin aikin, kuma kada a sauya shi:

Na ɗaya, yi maimai, gona ta zama babu ciyawa. Na biyu, ba da cikakken ruwa. Na uku, jira kwana ɗaya, ko biyu a ƙasa mai laka, har ya zama akwai danshi amma babu ruwa a kwance. Na huɗu, da safe ko da yamma, huda rami nesa da kara santimita 8 zuwa 10, zurfin santimita 5, zuba yuriya, rufe da ƙasa nan take. Kunya mai mita 100 tana cin kusan kilo 1, wato kowane tsiro bai kai giram 3 ba. Kaɗan ne a ido, kuma haka ya kamata. Na biyar, ruwan da zai biyo baya ya zama mai sauƙi, rabin wanda ka saba.

Me ya sa sai an binne? Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa mai ɗumi da ɗan danshi tana rikiɗa ta zama iska mai warin fitsari ta tashi, kuma a zafin rani cikin 'yan kwanaki wani babban kaso ya tafi. Me ya sa ruwan baya zai zama mai sauƙi? Yuriya tana narkewa kamar sukari a shayi, ruwa mai yawa zai gangara da ita ƙasa da inda saiwa take kaiwa.

A jigawa raba yuriyar gida biyu: rabi a sati na 4, rabi a sati na 6 ko kwanaki kaɗan kafin bununi ya fito. Kuɗin lebura zai ƙaru, amma yashi ba ya riƙe taki, kuma abin da ka tsira da shi ya fi ladan zubin.

*Gargaɗi:* Akwai masu zuba yuriya a bakin hanyar ruwa don ruwa ya raba musu. Kunyoyin farko za su sha fiye da ƙima, na ƙarshe su samu kaɗan, sauran ya bi magudana zuwa gonar maƙwabci ko rafi. Haka kuma kada a jefa yuriya cikin kunnen masara, tana ƙona ganye.

*Gargaɗi na biyu:* In inji ya lalace ko an ɗauke ruwa, kada ka zuba yuriya a busasshiyar ƙasa kana fatan ruwa zai zo. Ajiye buhunka a ɗaure a inuwa har ruwan ya tabbata. Masarar da aka cika wa naitrojin tana yin ganye mai faɗi, ganye mai faɗi kuma ya fi shan ruwa, don haka ita ce ke fara faɗuwa idan ƙishi ya zo.

Ka koyi karanta ganye kafin ka ƙara ko da cokali ɗaya. Ƙarancin naitrojin daga ganyen ƙasa yake farawa, rawaya ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya. In gefen ganye ne ke ƙonewa tsakiya na kore, fotash ne. In ƙaramar masara ta yi shuɗi-shuɗi mai ja, fosfaras ne ko sanyi. In ganyen sama ne ya ɗashe na ƙasa na kore, ba yuriya yake nema ba, a nuna wa malamin gona.

9. Bununi da gemu: makonnin da ba a wasa da su

Daga sati biyu kafin bununi ya fito zuwa sati biyu ko uku bayan gemu ya fito, masara tana shan ruwa fiye da kowane lokaci, a zafi har milimita 7 zuwa 8 a rana. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake wakilta, kuma sai bununi ya sauka a kansa ƙwayar take samuwa. Idan ƙishi ya kama masara, bununi yana fita a kan lokacinsa amma gemu yana jinkiri. Kafin gemun ya leƙo, bununin ya gama zuba. Daga nan ake samun goyo mai giɓi da totuwa tsirara. 'Yan kwanaki na yaushi a wannan lokaci suna iya cinye kusan rabin amfanin gona, kuma babu taki ko ruwan da zai dawo da shi daga baya.

Saboda haka matso da ban ruwa: duk kwana 2 zuwa 3 a jigawa, duk kwana 4 zuwa 5 a ƙasa mai riƙe ruwa. Ganye ya naɗe da tsakar rana ya ware da yamma, masara tana kare kanta ne, amma alama ce ta ka shirya. Ka same shi a naɗe da sassafe, ka riga ka makara, tayar da inji a ranar.

Tun ranar shuka ka ware kuɗin man waɗannan makonni ka ajiye, ka duba inji, ka tanadi fulogi da baƙin mai. In dole sai an yi tsimin ruwa, a yi shi a sati na uku ko a ƙarshen nuna. A nan ba a yi.

10. Cikar ƙwaya da yanke ruwa

Bayan gemu ya bushe ƙwaya tana yin ruwan nono, sannan ta yi tauri. Ci gaba da ruwa daidai gwargwado, domin ƙishi a nan yana sa ƙwaya ta motse, buhu ya yi sauƙi a sikeli. Kada ka ƙara taki. Kada kuma a fara zage ganye don dabbobi tun yanzu, ganyen da ke sama da goyo shi ke cika ƙwayar.

Mai sayar da ɗanya zai karya kusan sati uku bayan fitar gemu, kuma ya ba da ruwa har kwana biyu ko uku kafin ranar. Mai neman busasshiya ya ɓare goyo daga wurare daban-daban na gonar, ya ciro ƙwaya daga tsakiya, ya kankare gindinta da farce. Idan ya ga baƙin tabo a wurin da take manne da totuwa, ƙwayar ta gama cika, ruwa ba zai ƙara mata nauyi ba. A ƙasa mai laka ana iya tsayar da ban ruwa kwana 7 zuwa 10 kafin wannan alama ta bayyana, tunda danshin da ke ƙasa zai ƙarasa aikin. A jigawa a ba da ruwa ɗaya na ƙarshe sa'ad da ƙwaya ta yi tauri amma farce yana iya shiga, sannan a naɗe tiyo.